Memori Ya Cika

Teburina na nan a PZ, ƙarƙashin lema mai yagewa,
kwamfuta ɗaya, wayoyi goma a caji, lasifika mai tari.
Sana'ata tura waƙa.
Ɗari biyu, in cika maka waya har ta yi gyatsa.
Kafin waƙa ta isa gidan biki a Tudun Wada
sai ta biyo ta kunnena.
An ce gani ya kori ji,
amma a wannan teburi ji ne ya kori gani.

Bari in fara da alherinsu, kada a ce hassada.
Yaran nan sun iya ɗana tarko.
Daƙiƙa biyar, kiɗa ya cafke ƙafarka
tun kanka bai ba da izini ba.
Na ga Malam Barau mai gyaran agogo,
wanda kullum ke cewa duk shirme ne,
yana kaɗa sukundireba daidai kan amshi.
Da muka haɗa ido, ya ce ƙuda yake kora.

Kuma yanzu ba mai zaman jiran ubangida.
Haladu na Tudun Jukun, ɗaki ɗaya,
katifa jingine da bango don ta shanye ƙarar janareto,
ya rera cikin dare,
kafin Juma'a kowane keke daga Kwangila zuwa Samaru
da muryarsa yake kauce wa rami.

To, amma.

Ranar Talata na jera sababbi ashirin,
na rufe ido,
na kasa gane inda wannan ta ƙare, waccan ta fara.
Kamar daga yadi guda aka yanko su
a shagon tela daren jajibiri.
Murya ta shiga na'ura ta fito sumul,
ba kaushi, ba numfashi,
mai mura da mai zaƙin maƙoshi sun zama tagwaye.

Kalmomin kuwa:
zuciya, zuma, zinariya,
in amsa-amo ya ƙi zuwa a jawo shi da igiya
ko da ma'ana za ta karye a hanya.
Minti ɗaya na gaida mai situdiyo,
minti ɗaya na Alhajin da ya biya mai situdiyo,
abin da ya rage daƙiƙa talatin,
daidai tsawon rawar da za a ɗauka a waya.
Miya ce da aka cika wa gishiri da ɗanɗano:
lomar farko santi,
ta biyar ƙishirwa.

Jiya Saudatu, ɗalibar Kongo, ta miƙo wayarta:
"Memori ya cika, goge na watan jiya."
Na watan jiya!
Waɗanda ta tsaya cikin rana dominsu.
Na fara dannawa, arba'in suka tafi ba sallama,
ko kallonsu ba ta yi ba.
Sai ta ɗora yatsa: "Ban da wannan."

Na duba. Wata ce da ba ta yi kasuwa ba.
Yarinya daga Gyallesu, da jita ɗaya tak,
tana labarin babanta, tsohon ma'aikacin reluwe,
da yake goge fitilarsa kowace Asabar
shekara tara bayan an sallame shi.
A baiti na biyu muryarta ta ɗan tsage,
ba wanda ya ɗinke.
Na ce, me kika gani a nan?
Ta ce, "Wurin tsagewar nake jira."

Na tura mata sababbi talatin, na karɓi ɗari biyuna.
Ni ma da su nake cin tuwo,
ba zan zagi rijiyar da nake sha ba.

Da magariba ina naɗe lema
Haladu ya aiko da sabuwa,
ya ce in saurara, in faɗa masa tsakani da Allah.
Na sa a kunne na hau acaɓa.
Kiɗan ya kama ni, har ɗan acaɓan ya ce in daina motsi.
Sai da muka wuce Ƙofar Doka
na lura ko kalma ɗaya ba ta biyo ni ba.

Har yanzu saƙonsa na nan.
Ban ba shi amsa ba.